Wasiƙa daga Tudun Wada zuwa ga Malam Bala a Kumasi

Assalamu alaikum, aminina Malam Bala.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne maganar da Alhaji ƙarami ya ce ka yi, wai mutanen birni ne ke naɗa gwamna a Kano, mu na karkara rakiya kawai muke yi. Kai da aka yanke wa cibiya a bayan rumbu, yaushe zaman Zango ya mantar da kai gida haka?

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma takwas ne kacal a birni da kewayensa. Sashe na 179 na kundin tsarin mulki bai yarda mutum ya zama gwamna da yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 30 ke nan a Kano. Ko da Dala da Fagge da Gwale da sauran 'yan uwansu sun ba ɗan takara ƙuri'unsu kaf, dole ya zo ya nemi Doguwa da Rogo da Albasu. Ka tuna kuma da zaɓen 2019, wanda aka ce bai kammalu ba, daga ƙarshe Ganduje ya rinjayi Abba da ƙuri'un da ba su kai 9,000 ba, adadin da mazaɓa biyu ko uku na ƙauye za su iya juya shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayar da wannan ƙarfi da arha. Iyayenmu sun zaɓi jam'iyyar PRP a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, domin sun san abin da suke nema tun kafin su jefa ƙuri'a. Yanzu kuwa taliya da atamfa ake rabawa ana jajibirin zaɓe, damina ta faɗi manomi bai ga taki ba, hanyar garinku kuma tana nan yadda ka bar ta. Wallahi wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mun fara zama da matasa a ƙofar gidan Mai Unguwa, muna rubuta buƙatunmu don mu miƙa wa duk mai neman ƙuri'armu a 2027. Ina roƙonka ka kira ƙannenka ka sa su karɓo katin zaɓensu, domin maganarka suke ji. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
Malam Garba