Ƙa'idojin abinci da motsa jiki: a taimaka wa mai bin su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan ƙa'idojin cin abinci da motsa jiki da gwamnatoci ke fitarwa don lafiyar al'umma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda, sannan ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa. A ƙa'idarta ta 2020 kuma ta nemi manya su motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuwa awa guda kullum.

To amma gishiri mai yawa yana ɓoye ne a abincin gwangwani da na leda. Mai saye zai juya kwali ya tarar da rubutu ƙanana, sai ya matse ido kafin ya karanta, in ma ya gane. Ya kamata a tilasta wa kamfanoni rage gishiri da sukari, su kuma rubuta adadin ɓaro-ɓaro a gaban kwali.

Batun motsa jiki kuwa, yaya za a ce mutum ya riƙa takawa alhali titi ba gefen masu ƙafa, makaranta ba filin wasa?

Na gode.

Wani mai karatunku