Ku Bar Jakin Jita Yadda Aka Ƙera Shi

Edita, assalamu alaikum.

Ina gyaran kayan kiɗa a nan Jidda, kuma ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu masu sayen jita ta lantarki mai rami a ciki, irin Gibson ES-175 ko Gretsch 6120. Jakin irin wannan jita, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskarta, ba a kafe yake ba, nauyin tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi a kan katako. Sai yaro ya cire tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, jaki ya zame, sauti ya karkace, ya garzayo wurina wai in huda fuskar jita in kafa masa ƙusa.

Ni ba na son hudawar nan. Fuskar katako ce siririya, ga laimar Jidda, ga sanyin na'ura a ɗaki, katako yana kumbura yana motsewa. Jaki mai sakewa ana iya matsar da shi ya bi wannan canjin. Ka danna tsirkiya a kan ƙarfe na 12 na wuyan jita: in sautin ya yi sama da yadda ya kamata, matsar da jakin baya kaɗan, nesa da wuyan, in ya yi ƙasa, kawo shi gaba. A canja tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, a sa alamar mazaunin jakin da tef.

Wanda ke jijjiga hannun Bigsby (ƙarfen da ake dannawa don girgiza sauti) da ƙarfi a wurin biki, shi na yarda a kafa masa ƙananan ƙusoshi biyu ƙarƙashin jakin, amma gwani ya yi aikin.

Naku,
Mai gyaran jita, Jidda, Saudiyya.