Wa ke riƙe da 'ya'yanmu idan aka kwantar da mu?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in faɗi abin da mata irina suka saba ɓoyewa. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, malamar firamare, kuma shekara 7 ke nan ina shan maganin taɓin hankali. Da gangan na kira shi da sunansa, don na gaji da jin 'yan uwa suna cewa "iska ce ta taɓa ta".

Kwana 10 da haihuwar ɗana na biyu ciwon ya kama ni, ina tsaka da wankan jego. Barci ya ƙaurace mini, na shiga surutai, na ƙi yarda kowa ya taɓa jaririn. Aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi har wata biyu kafin Yaya ya ce a tafi asibiti. A can likita ya ce ciwon sananne ne, yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubun da suka haihu, kuma yana jin magani. Ya ji ɗin kuwa. Sati biyar na yi aka sallame ni. Ba zan yi butulci ba, ma'aikatan nan sun yi mini ƙoƙari.

Sai dai a sati biyar ɗin, kullum ana tambayata barcina da cin abincina, amma ba wanda ya taɓa cewa ina jaririnki, wa ke riƙe da babbar. Ba a kwantar da mai jego da ɗanta. Nonona ya ƙafe, uwar mijina ta koma ba shi madarar gwangwani, kuɗinta ya kusa karya maigidan. Da na dawo, 'yata mai shekara huɗu ta laɓe a bayan kakarta, don yaran unguwa sun ce mata uwarta mahaukaciya ce. Wannan ya fi mini ciwon zafi. Na ji a Ingila asibitocin gwamnati suna da ɗaki na musamman da ake kwantar da mai jego tare da jaririnta, ma'aikata na sa ido. Ban ce mu zama Ingila gobe ba, amma gado huɗu ko biyar irin haka zai gagari babban asibiti?

Ga kuma tsoron da ke hana mata da yawa zuwa asibiti. A fiƙihunmu, hankali sharaɗi ne na riƙon yara. Don haka mace tana ganin ranar da katin asibitin ƙwaƙwalwa ya shiga jakarta, ta miƙa wa dangin miji makamin ƙwace mata 'ya'ya idan aure ya mutu. Sai ta yi shiru har abin ya ci ƙarfinta. Alhali wadda ke shan maganinta tana zuwa ganin likita hankalinta garau yake. Ya kamata likitoci su riƙa rubuta wannan shaida, alƙalai kuma su riƙa nemanta kafin su yanke hukunci.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Na yi murna. Amma doka ba ta rage mini nisan tafiya ba. Asibitocin tarayya na wannan fanni mafi kusa da mu suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma Dawanau a Kano, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Tun 1991 gwamnati ta ce a shigar da wannan aiki cikin ƙananan asibitocin sha ka tafi. A na garinmu har yau ba a ajiye maganina.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Mace tana zuwa awo, tana kai jariri rigakafi. A wannan layin nas za ta iya tambayarta: kina samun barci? Kina yawan kuka ba dalili? A kuma koya wa ungozoma ta san cewa wasu ƙwayoyin, irin su Epilim, suna iya nakasa ɗan da ke ciki. Ni sai da likita ya canja mini magani kafin in ɗauki cikin autata, kuma na haife ta lafiya, ciwon bai tashi ba. Iyaye maza ma kada a manta da su, don magidanci idan ya kwanta, tukunyar gidan ce ta kwanta.

Ranar Talata mai zuwa nake da ganin likita. Zan fita bayan sallar asuba in dawo bayan la'asar, kuma har yanzu ina lallashin maƙwabciyata ta riƙe mini autar.

Wata uwa,
daga Jihar Jigawa