Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Zariya Kan Filayen Wasan Yaranmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da kansilolin mazaɓu 13 na wannan ƙaramar hukuma, da fatan Allah Ya taya ku riƙo.

Ni tsohon malamin firamare ne a cikin birni, kuma na yi shekaru ina kula da wasanni a makarantar da na koyar. Har bayan da na ajiye aiki ban ajiye usur ba, domin kullum in an idar da sallar La'asar nakan tara yaran unguwa su buga ƙwallo a wani fili da muka taso muka tarar, inda iyayenmu suka yi langa da kokawa bayan girbi. Wata safiya a daminar bara muka tashi muka ga an sauke tifa biyu ta yashi a daidai inda muke kafa raga, an kakkafa turaku a kusurwoyi, kafin wata uku gini ya kai linta. Yanzu a kan titi yaran nan suke wasa, duwatsu biyu ne ragarsu, in an hango babur ko Keke Napep sai a ɗauke ƙwallo a raɓe jikin katanga har ya wuce. A watan azumin da ya gabata babur ya banke ɗaya daga cikinsu, yaro ɗan shekara tara, ni na ɗauke shi a kafaɗa zuwa wurin mai ɗori, kuma har yau in ya yi gudu sai ya ɗingisa. Mahaifiyarsa ta hana shi fita, ban kuwa ga laifinta ba.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wannan labari ba na unguwarmu kaɗai ba ne. Duk wanda ya girma tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, ko a Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur, zai iya nuna maka wurin da ya yi wasa yana yaro, wanda yau ya koma shaguna ko gidan haya ko juji. Gari yana ƙaruwa, mutane suna buƙatar muhalli, wannan gaskiya ce. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a yanka unguwa guda sukutum, a fitar da fuloti ɗari, a rasa ko ɗaya da za a ce na yara ne.

Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 19 ga Oktoba, 2024, kamar kowane zaɓe, babu kalmar da ta fi yawo a bakin 'yan takara irin matasa. Su suka liƙa fastoci, su suka cika taruka, su suka tsaya a layi. Mun kuma saba ganin yadda masu neman kujera ke sa kofi a lokacin kamfe, a raba riguna masu hoto, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabi. Ba na raina wannan, domin na ga farin cikin da yake sa wa yaro. Sai dai kofi na sati uku ne, rigar kuma kafin shekara ta koɗe. Wanda yake son matasa da gaske, filin da za a buga kofin zai fara tsarewa, kuma a nan nake tuna maka alkawarin da aka yi musu da sunan kujerar da kake kai.

Wannan aiki naku ne a rubuce. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da sararin fili na jama'a a cikin sakin layi ɗaya da tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya. Ashe filin wasa matsayinsa ɗaya da kwalbati a idon doka. Sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya, talaka ya ji labarinsa a rediyo, kuma daga ranar ya ƙara sa ido a kan sakatariya.

Na san za a ce mini ƙasar cikin gari a hannun gwamna take bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma takardun fili a Jihar Kaduna daga KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, suke fitowa, izinin gini kuma daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Haka ne. Amma babu dokar da ta hana shugaban ƙaramar hukuma ya umarci kowane kansila ya zauna da hakimi da dagatai da masu unguwanni, su rubuto duk filin da yara ke wasa a mazaɓarsa, da girmansa da wanda ke iƙirarin mallakarsa. Babu abin da ya hana a ɗauki wannan jerin a kai wa hukumomin jiha a nemi a keɓe filayen a taswira da sunan jama'a, a kafa musu allo, yadda gobe ba wanda zai sauke yashi da dare ya ce gado ne. Filayen makarantun firamare ma, waɗanda ake ta gutsura daga gefe, in an kewaye su aka bar ƙofa a buɗe da yamma ƙarƙashin kulawar maigadi, sun isa su ɗauke rabin matsalar. Takarda da biro da zirga-zirga zuwa Kaduna ne farkon aikin, kuɗin da zai biyo baya kuwa bai wuce na share fili da turakun ƙarfe da benci ba.

Za a kuma ce ana fama da ruwan sha da tsadar abinci da rufin azuzuwa, wa yake ta ƙwallo? Ni ma ina sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ba daga wata ƙasa nake magana ba. Amma ina roƙonka, don Allah, ka zaga bayan Magariba ka ga inda samarinmu ke taruwa a kangwaye da lunguna, ka ga kwalaben maganin tari da ake sharewa da safe. Yaron da ya yi awa biyu yana gudu a fili, in ya yi sallar Isha barci yake nema. Na ga wannan da idona shekara da shekaru, na kuma ga abin da ya sami wasu daga cikin yarana tun da aka gine filinmu, har akwai waɗanda yanzu in sun hango ni sai su sauya hanya don kunya. Kuma garin nan ya san abin da fili ke haifarwa. Masai Ujiri, wanda yake shugabancin ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin ƙwallon kwando na NBA a 2019, a Zariya ya girma, a nan ya fara jefa ƙwallo cikin kwando. Da bai sami inda zai jefa ba, da duniya ba ta ji sunansa ba.

'Yan mata kuwa an manta da su gaba ɗaya. Dandalin da iyayensu mata suka yi gaɗa a farin wata ya ɓace, ba a kuma ba su komai a madadinsa ba. Wuri ɗaya mai katanga a kowace mazaɓa, da mata masu kula da shi, zai sa iyaye su saki jiki.

Akwai sauran abubuwan da ke cina, ko da yake ba zan tsawaita a kansu ba. Ganuwar da ake jingina wa Sarauniya Amina tana zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini a gindinta, alhali rushewar wani sashe na babban Masallacin Juma'a a watan Agusta na 2023, wadda ta ci rayukan masallata, ta isa ta nuna mana cewa tsohon gini ba ya jiran kasafin baɗi. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ya cancanci ɗakin karatu a cikin unguwa, inda yaron da ba ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ba zai shiga ya zauna da littafi. Makaɗa da 'yan dambe da masu tashe su ma suna buƙatar wurin da za a gan su ba sai ranar Hawan Daushe ba.

Amma filin nan shi ne gaba, domin shi ne in ya tafi ba ya dawowa. Ina roƙon a sa tsare filayen wasa a kasafin kuɗin da majalisarku za ta zartar na gaba, da sunan kowace mazaɓa da adadin abin da aka ware mata, a liƙa a allon sakatariya kowa ya karanta. Kafin nan, ranka ya daɗe, ka zaɓi yammaci ɗaya ka shigo cikin birni ba tare da jiniya ba, ka tsaya a bakin kowane titi da ka ga an jera duwatsu biyu. In titinmu ka faɗo, za ka same ni a tsaye da usur, ina duban hanya saboda babura.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Birnin Zariya.