Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2011 ga Iyaye da Ɗalibai Hausawa Mazauna Ingila

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, ga rahoton kwamitin zartarwa na shekarar da ta ƙare.

Mun yi walimar Ƙaramar Sallah da ta Babba kamar yadda muka saba, ajin Hausa na yara na ranar Asabar bai tsaya ba, mun kuma je ta'aziyyar gidajen da aka yi rashi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma kusan duk zaman da muka yi bana, da maganar kuɗin jami'a aka tashi.

Kafin zaɓen Mayun 2010, 'yan takarar jam'iyyar Liberal Democrats sun sa hannu kan alkawarin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUS, cewa ba za su goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba. Wasunmu don haka suka ba su ƙuri'a. Da zaɓe bai ba kowa rinjaye ba, suka shiga gwamnatin haɗin gwiwa da Conservative da kujeru 57, Nick Clegg ya zama mataimakin Firayim Minista David Cameron. Ranar 9 ga Disamba 2010 majalisa ta amince a ɗaga kuɗin daga fam 3,290 zuwa har fam 9,000 a shekara, da ƙuri'a 323 a kan 302, kuma ɗan jam'iyyarsu Vince Cable ne ministan da ya kare shawarar. 'Yan majalisarsu 21 suka ƙi, har da tsofaffin shugabanni biyu, Charles Kennedy da Menzies Campbell. Takwas ba su kaɗa ƙuri'a ba, cikinsu akwai mataimakin shugaban jam'iyyar, Simon Hughes.

Wannan rabuwar ta biyo mu har zaure. Masu kare shugabannin jam'iyyar a cikinmu suna cewa ba wanda zai biya ko kwabo a ƙofar jami'a. Rance ne, ba a fara cirewa sai albashi ya wuce fam 21,000 maimakon 15,000 na da, ana cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura, bayan shekara 30 a yafe saura. Sauran suna cewa alkawari kaya ne, wanda ya sa hannu a gaban ɗalibai ba shi da bakin kawo lissafi daga baya. A ganina duka biyun suna da gaskiya a wurinsu, shi ya sa kwamiti ya ƙi ɗaukar ɓangare. Ƙungiyarmu ba reshen wata jam'iyya ba ce.

Abin da ya fi hana mu barci wani ne dabam, wanda hayaniyar fam 9,000 ta danne: ruwan da ke kan rancen. A tsohon tsari, ruwan ba ya wuce hauhawar farashi, kuma akwai malaman da suka sassauta a kan haka saboda darajar kuɗin ce kawai ake mayarwa. Daga Satumban 2012, ɗalibi yana cikin karatu bashinsa na hawa da hauhawar farashi da ƙarin kashi 3 cikin ɗari. Bayan ya gama, ƙarin yana bin albashi, ya kai cikakken kashi 3 a fam 41,000. Uban da ya ƙi sayen gida da rancen banki shekara da shekaru don tsoron riba, yau an ce masa ɗansa ko 'yarsa sai ta wannan hanyar. Mun zauna da malamai, mun ji fahimtarsu, kuma ba ta zo ɗaya ba. Kwamiti ba ya ba da fatawa. Abin da muka yi shi ne taimaka wa iyaye rubuta wa 'yan majalisar mazaɓunsu, kowace jam'iyya suke, a nemi wata hanyar biyan kuɗi marar ruwa. Za mu ci gaba da hakan baɗi. Ina roƙon iyaye kada su cire yaro daga neman jami'a a ɓoye. A zo a yi shawara tukuna.

Inda muka fi ganin amfanin aikinmu shi ne tallafin da ake kira Pupil Premium, wanda jam'iyyar Liberal Democrats ta shigo da shi gwamnati. Tun Afrilu makaranta ke karɓar ƙarin kuɗi kan kowane yaro da aka yi wa rajistar abincin rana kyauta: an fara da fam 430, ya koma 488, an kuma sanar da fam 600 baɗi. Sai an yi rajista kuɗin ke zuwa. Iyayenmu mata ne suka gano cewa gidaje da dama da suka cancanta ba su cike takardar ba, wasu don kunya, wasu don yaro na tafiya da abincin gida. Suka bi gida-gida suna bayani. Allah Ya saka musu da alheri.

Wasu mambobi sun kawo shawarar mu nemi buɗe makaranta ƙarƙashin tsarin free schools (makarantun da iyaye ko ƙungiyoyi ke buɗewa da kuɗin gwamnati) na ministan ilimi Michael Gove, wanda 24 na farko suka buɗe a Satumba. Ko a cikin Liberal Democrats, babban taronsu na Liverpool a Satumban 2010 ya yi watsi da tsarin, bisa tsoron zai raba kuɗi da yara tsakanin makarantun unguwa ɗaya. Mu dai ba mu da ƙarfin riƙe makaranta yanzu, an ajiye maganar.

Iyayen 'yan shekara 16 zuwa 19 su sani an soke EMA, alawus ɗin karatu da gwamnati ke ba ɗalibai, mai kaiwa fam 30 a mako; sabon tallafin a hannun makarantu da kwalejoji yake, can za a nema. Ɗalibanmu da suka zo daga gida kuma, bizar zama aiki bayan kammala karatu za ta rufe a Afrilun 2012, wanda zai gama ya tuntuɓi sakatariya da wuri.

Masu neman jami'a, ranar ƙarshe ta UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, ga yawancin kwasa-kwasai ita ce 15 ga Janairun 2012. Ma'aji zai karanta rahoton kuɗi a babban taro, waɗanda ake bi kuɗin wata su daure su biya kafin nan.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa