Shekara shida ana karɓar haya, babu ko rasit ɗaya

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a bani ɗan fili in faɗi abinda ke ci mana tuwo a ƙwarya, don nasan ba gidanmu kaɗai bane a garin Bauchi.

Mahaifinmu ya rasu shekara shida kenan, Allah ya jiƙansa, ya bar shaguna uku a kasuwar Muda Lawal da gidan haya a Jahun da gona a hanyar Dass, sai ɗan abinda ke banki. Bayan an share makoki dangi suka ce baffanmu ya riƙe komai tunda ƙannena ƙanana ne, shi ya karɓo takardar izinin kula da dukiyar mamaci da banki ke nema, muka sa hannu bamu kawo komai a rai ba, ai ƙanin uba uba ne.

Toh tun daga nan kuɗin haya na shiga amma ba'a taɓa zaunar damu ance ga abinda ya shigo ga abinda ya fita ba. In Umma ta tambaya sai ace anyi gyaran rufi, ko an biya bashin marigayi, bashin wa, nawa ne, shiru. Ni da na matsa akace bani da kunya.

Bara dai muka kai ƙara kotun shari'a, wallahi ba da son ranmu ba. Alƙali yace a kawo lissafi, aka kawo ƴar takarda falle ɗaya, ƴan haya kuma suka ce hannu da hannu suke bayarwa. Ni har yau ban ce Baffa ɓarawo bane, a ganina ya cuɗa kuɗin da jarinsa ne har shi kansa bai san ina ya kwana ba, kuma abinda aya ta 2 a Suratun Nisa'i ta hana kenan, aya ta 6 ma cewa tayi a kafa shaidu in za'a miƙa wa marayu dukiyarsu. Tsarin a fili yake, a fidda kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da bata wuce sulusi ba sannan a raba, amma ko tumunin Umma ba'a fitar ba.

Roƙona ga alƙalanmu da malamai masu rabon gado, ranar da aka ɗora wani kan dukiya a ƙirga komai a rubuta gaban shaidu, a buɗe asusun banki daban, a sa masa dole ya kawo lissafi duk shekara, manya kuma a basu rabonsu nan take.

Autarmu tana aji shida na firamare lokacin rasuwar, bana zata zana WAEC, sai da Umma ta saida keken ɗinkinta aka biya kuɗin rijista. An sake ɗage zaman zuwa bayan sallah.

Daga wata mai karanta jaridarku,
Bauchi