Ɗana ya haɗiye man ƙaiƙayi, hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya da daddare ɗana mai shekara 3 ya haɗiye man shafawa na ƙaiƙayi. Wallahi ba sakaci na yi ba. Ƙanwar mijina ce ke zaune da mu, wata biyar ke nan, kuma ita ba ta taɓa mayar da abu inda ta ɗauko shi. Ƙuraje suka feso mata, ta sayo man, ta gama shafawa ta jefa shi cikin kofin da muke ajiye burushi. Ba wuta, ga gajiya, na laluba na matsa wa yaron a burushinsa. Man nan girmansa ɗaya da man goge baki. Sai da ya yamutse fuska yana cewa "Mama, ɗaci" sannan na haska waya, ashe ya riga ya haɗiye.

Na kai yatsa zan sa shi amai, maƙwabciyata mai aikin jinya ta riƙe hannuna, ta ce aman zai iya sarƙe shi ya faɗa huhu. Ta goge masa baki, ta ba shi ruwa kaɗan, ta karanta jikin man: diphenhydramine, kashi 2 cikin 100. Ta ce da hydrocortisone ne, wato wani man ƙaiƙayin daban, ɗan wannan bai wuce ɓacin ciki ba. Amma shi wannan in ya yi yawa yana kawo barci mai nauyi, bushewar baki, bugun zuciya da sauri, har da ruɗewa. Mai kafur a ciki kuwa jijjiga yake sa yara. Ta ce mu tafi asibiti da man a hannu. Ban je ba, dare ya raba, kuma mijina ba ya gari.

Kwana na yi hannuna a ƙirjinsa. Da safe ya tashi yana wasansa, sai dai jiya ya yi barcin rana mai tsawo, gabana ya sake faɗuwa. Ita kuwa ƙanwar mijin nawa ko sannu. Buɗar bakinta sai cewa ta yi wai ba ni da ido ne? Yarinyar da nake wanke wa kaya!

Likita, maganin nan zai iya kwanciya a jikinsa ya taɓa masa hanta ko ƙwaƙwalwa daga baya? In kai shi asibiti ko lokaci ya wuce? Sannan gobe mijina zai dawo, kuma ba ya son laifin ƙanwarsa, na san ni zai ɗora wa. In riga ta faɗa masa, ko in yi shiru tunda yaron ya tashi?

Daga mai sauraronku kullum.